Idan Jari Ya Karye, Wa Ake Fara Biya?

Duk wanda ya daɗe yana shiga kasuwar Navrongo ya san alamun ɗan kasuwar da jarinsa ya karye tun kafin shi ya buɗe baki. Shago a buɗe yake, amma an jera kwalayen da babu komai a ciki don su toshe gurbin kaya. Waya kullum a kashe. Yaron shago amsarsa ɗaya ce ga kowa: maigida ya tafi Bolga. Kasuwa tana ci duk bayan kwana uku, kuma kafin ta zagayo sau biyu magana ta gama gari. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi. Dilan da ya aiko masa da taki ko siminti daga Kumasi zai turo mota a kwashe ragowar. Banki, in yana riƙe da takardar gida, zai aiko da wasiƙa. Wani mai ɗan'uwa a ofishin 'yan sanda zai sa a tsare mutumin kwana biyu, har dangi su sayar da akuya da babur su fanshe shi. Kafin mako ya fita an yi wasoson komai. Manomin Tono da ya ba shi shinkafa bisa "in na sayar zan kawo maka, Baba", da matar da ta ba shi ajiyar kuɗin marayunta, su ne na ƙarshen jin labari, kuma in sun iso ba abin da za su tarar sai kwaɗo a ƙofa.

Tsoro ne ke sa wannan rige-rige, domin kowa ya san in bai kwasa yau ba gobe wani zai kwashe. Aikin dokar karyewar jari a ko'ina a duniya shi ne ta tsayar da shi. Ta ce kowa ya dakata, a ƙirga abin da ya rage, a ƙirga masu bi, a duba ko sana'ar za ta iya tashi, in ba za ta tashi ba a raba da tsari. Ghana tana da irin wannan doka, har guda biyu ma. Ra'ayina shi ne an rubuta su ne don manyan kamfanoni da masu kuɗin Accra da Tema. Daga Salaga zuwa Bawku, inda kusan dukkan ciniki bashi ne na baki da baki, ba su iso ga wanda ake bi ba, ba su kuma iso ga ƙaramin mai bi ba, kuma shekarun matsin da muka ratsa sun nuna wanda ke biyan kuɗin wannan giɓi.

A tuna yadda 2022 ta kasance. A farkon shekarar dala ɗaya tana wajen sidi 6. A watan Nuwamba ta haura 14 a hannun 'yan canji. A Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Babban Bankin Ghana ya yi ta ɗaga kuɗin ruwa har ya kai kashi 30 a Yulin 2023, bankunan kasuwanci kuma suka ɗora nasu a kai. Ga wanda ke ɗaukar kaya bashi ya bayar bashi, lissafin mai ɗaci ne: kuɗin da ya karɓo bayan wata uku ba su isa su mayar masa da kayan da ya fitar ba. Yana ciniki, kuɗi na shigowa, shago kuma yana ramewa. Mai shigo da tumatir ko dabbobi ta iyakar Paga ya fi kowa ji a jika, domin sefa tana ɗaure da yuro, ba ta faɗi tare da sidi ba. Sannan a 2024 ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina a arewa, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya a watan Agusta. Manomin da ya ci bashin taki da na tarakta bai girbe abin biya ba, mai takin bai biya dilansa ba, haka abin ya yi ta gangarawa.

A Bawku kuwa abu biyu aka haɗa musu. Tun ƙarshen 2021 da rikicin sarauta ya sake tashi, dokar hana fita da hana hawa babur da fargabar hanya suka durƙusar da kasuwar da ta yi suna da albasa da dabbobi, wadda 'yan Togo da Burkina ke cikawa. Mutumin da yake bin ƙauyuka goma bashi amma ba ya iya zuwa karɓa, alhali wanda ke binsa a Kumasi yana iya kiransa safe da yamma, wane suna za a ba shi? A idon tsarin da muke da shi, da shi da wanda ya ci kuɗin mutane ya ƙara aure, hukuncinsu ɗaya.

To, me doka ta ce? A Afrilun 2020 Shugaba Akufo-Addo ya sa hannu a doka mai lamba 1015, wadda ta maye gurbin ta 1963 kan rushe kamfanoni. Tsakani da Allah doka ce mai kyau. Tsohuwar ba ta san komai ba sai rufewa da gwanjo. Sabuwar ta buɗe ƙofar ceto: a naɗa ƙwararre ya yi riƙon ƙwarya, a dakatar da masu bin bashi daga kai ƙara ko kwasar kaya na ɗan lokaci, a tara su su kaɗa ƙuri'a kan ko za a sake tsara biyan bashin ko a rushe kamfanin. Wanda ya zuba sabon kuɗi don a ceto kamfanin shi ake fara biya. Albashin ma'aikata da harajin gwamnati suna da fifiko, mai jingina a hannu kuma yana gaban wanda ba shi da ita. Wanda ba shi da komai sai amana yana can baya, yana jiran abin da ya saura.

Sai dai dokar ta kamfanoni ce masu rajista. Hajiyar da ke lodin doya ƙwarya-ƙwarya daga Yendi zuwa Accra ba kamfani ba ce, haka mai shagon taki, haka dillalin shanu. Su tasu ita ce mai lamba 708 ta 2006, ta mutum ɗaya da bashi ya fi ƙarfinsa, kuma hanyarta ta babbar kotu ce, da lauya, da takardun rantsuwa, da jami'in gwamnati da zai riƙe dukiyar. Wanda ya rasa kuɗin biyan manomi ina zai samo na lauya? Tambayi wanda ka ga dama a zangon Navrongo ko na Salaga, ka ji ko ya taɓa sanin wanda ya bi wannan hanya.

Dokar da ta iso arewa da ƙafarta ita ce ta masu ba da rance, mai lamba 1052, ita ma ta 2020. Ta ba banki damar yi wa jingina rajista a Babban Banki, kuma in mai bashi ya gaza, bayan sanarwar kwana 30 ana iya sayar da abin da ya jinginar ba sai an je gaban alƙali ba. Ban ga laifin haka a kan kansa ba. Bankin karkara irin Naara ko BESSFA kuɗin talakawa yake juyawa, in bai karɓo ba su zai cuta. Abin lura shi ne an ba mai takarda hanya gajera mai arha, mai amana kuma an bar shi da ƙarar da kafin a yanke ta an riga an kwashe kayan. Shi ya sa yake rugawa wurin 'yan sanda, a juya bashi ya koma damfara a ƙarƙashin sashe na 131 na dokar laifuka ta 1960, alhali kowa ya san karɓar bashi ba aikin ɗan sanda ba ne. Tsarewar nan ba ta ƙara ko sisi a dukiyar wanda ake bi. Iyakacinta ta zaɓi wanda za a biya, ta ɗora wa dangi nauyin abin da ba su ci ba.

Akwai kuma masu bin bashin da ba su ma san sunansu ke nan ba, wato masu ajiya. Duk wanda ya kai kuɗinsa banki ko gidan adashen zamani rance ya ba su, kuma mutanen arewa sun koyi wannan karatu da tsada. Kamfanin DKM, wanda ya taso daga Sunyani yana alkawarin ribar da babu wata sana'ar halal da ke bayarwa, ya kwashi kuɗin malaman makaranta da 'yan kasuwa da manoma har Wa da Bolgatanga kafin Babban Banki ya dakatar da shi a 2015, ya soke lasisinsa a 2016. Daga nan aka shiga shara: bankunan UT da Capital a Agustan 2017, bankuna biyar da aka haɗe suka zama Consolidated Bank a Agustan 2018, kamfanonin ƙananan rance 347 a rana ɗaya, 31 ga Mayun 2019, sai gidajen ajiya da rance 23 a Agustan shekarar, ciki har da GN, wanda rassansa suka kai ƙananan garuruwan da manyan bankuna ba su damu da su ba. A Nuwamba hukumar kula da hannun jari ta rufe kamfanonin juya kuɗi 53. Gwamnati ta ce aikin ya lashe sama da sidi biliyan 21.

Yanzu dubi yadda aka biya. Masu ajiya a manyan bankunan da suka faɗi sun kwana a wannan banki sun tashi a wancan, kuɗinsu ko ciwon kai bai yi ba. Na ƙananan gidajen sai da suka cika fom, suka bi layi a rana, aka tantance su, aka ba su wani ƙayyadadden abu, sauran aka ce su jira. Ba a warware yawancin nasu ba sai a 2020, shekarar zaɓe. Na kamfanonin juya kuɗi irin Gold Coast an ba su tallafin da bai wuce sidi 50,000 ba a ƙarshen wannan shekarar, wasunsu kuma sun yi shekaru suna zanga-zanga a ƙofar ma'aikatar kuɗi. Kashin dankali ke nan, babba a sama, ƙarami a ƙasa. Hatta inshorar ajiya da aka kafa da dokar 2016 ta bi sahu: sidi 6,250 aka yanka wa mai ajiya a banki, 1,250 ga mai ajiya a ƙaramin gida kamar bankin karkara. Matar da ta tara kuɗin man kaɗanya na shekara da shekaru ita aka ga ya dace a ba kaso ɗaya cikin biyar na abin da za a ba ma'aikacin Accra.

Mai GN, Papa Kwesi Nduom, ya dage cewa bashin da gwamnati ta ƙi biyan 'yan kwangila ne ya karya shi. Babban Banki ya ce kuɗin masu ajiya aka karkatar zuwa sauran kamfanoninsa. Wannan sai kotu. Amma maganar ta taɓo inda ke ciwo, domin babbar mai taurin bashi a ƙasar nan ita ce gwamnati kanta. A Yulin 2023 masu kai abinci makarantun sakandare suka shimfiɗa tabarmi suka yi ta kwana a harabar kamfanin ajiyar abinci na ƙasa a Accra, suna neman kuɗin da suka ce sun kai sidi miliyan 270. Mata masu dafa wa 'yan firamare abinci sun sha ajiye tukunya kan bashin da suke bi. A Accra wannan labarin jarida ne, a nan kuwa labarin rumbu ne. Ɗan kwangila bai samu ba, bai biya wanda ya tara masa masara da wake a Yendi ba, shi kuma bai biya manomi ba. Manomin ya ciyar da ɗaliban ƙasa bashi ba tare da ya san ya ba gwamnati rance ba, kuma babu takarda ko ɗaya a ma'aikatar kuɗi da ke ɗauke da sunansa.

Da abin ya zo kan gwamnati, sai ta nema wa kanta duk abin da talaka ba ya samu. A ƙarshen Oktoban 2022 shugaban ƙasa ya tabbatar wa jama'a cewa ba za a yi wa kuɗin kowa aski ba. A farkon Disamba ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya fito da shirin musanya takardun lamuni na cikin gida: a tsawaita wa'adi, a rage riba. A 19 ga watan Ghana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje. A Mayun 2023 Asusun IMF ya amince da dala biliyan 3, a Oktoban 2024 kuma aka kammala sake tsara takardun lamunin waje na kusan dala biliyan 13, inda mafi yawan masu riƙe da su suka yarda a zaftare kashi 37 cikin ɗari. Wato an saurara mata, an zauna da ita, an yafe mata wani kaso. Su wa suka tsira a cikin gida? Ƙungiyoyin ƙwadago, da suka yi barazanar yajin aiki aka cire kuɗin fanshonsu daga zagayen farko, da tsofaffin ma'aikata da suka yi zaman dirshan a ma'aikatar kuɗi a Fabrairun 2023, har tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo ta zo ta zauna tare da su. Haƙƙinsu ne, ina taya su murna. Amma ƙa'idar da ta fito fili ita ce mai murya ake biya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan yanki ba baƙon maganar ba ne. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina su yi watanni a hanya zuwa Gwanja, su sauke kanwa da tufafi da fata da dabbobi a Salaga su ɗauki goro. Baƙon da bai san kowa ba a garin yaya yake sayar da kayansa bashi ya kwana lafiya? Gidan maigida yake sauka. Maigida ke ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye ta hannun dillali, ya kuma tsaya masa: in mai saye ya gaza, daga aljihun maigida za a biya. Salaga ma ta ga tata karyewar. Bayan Ingila ta ci Kumasi a 1874 Gwanja ta ɓalle daga Asante, goro ya karkata zuwa Kintampo, sannan yaƙin basasar 1892 ya watsa garin. 'Yan kasuwa da malamai, ciki har da Alhaji Umaru mutumin Kano, suka koma Kete-Krachi da sauran wurare. Tsarin ya bi su zango-zango. Mai bincike Polly Hill ta same shi yana aiki a kasuwar shanun Kumasi a shekarun 1960, Abner Cohen kuma a unguwar Sabo ta Ibadan: shanu na tafiya bashi ga mahauta, maigida ne lamuni, mahaucin da ya ƙi biya a daina sayar masa, maigidan da ya bari baƙonsa ya yi asara baƙi su ƙaurace wa gidansa.

Malaman waɗannan zanguna kuma sun karanta hukuncin wanda bashi ya kewaye dukiyarsa a Risala da Muhtasar. A Muwaɗɗa akwai labarin Usaifi'u na ƙabilar Juhaina, mai sayen raƙuma da tsada don ya riga sauran alhazai isa, har jarinsa ya ƙare. Sayyidina Umar ya yi shela duk mai binsa ya zo a raba abin da ya rage a tsakaninsu. Ƙa'idojin Malikiyya a nan masu tsabta ne. Alƙali ya hana mutumin taɓa dukiyarsa. Basussukan da ake binsa waɗanda lokacinsu bai yi ba su zama na biya nan take, don kada wani ya riga wani. A bar masa abinci da sutura shi da iyalinsa. Wanda ya tarar da ainihin kayan da ya sayar masa suna nan ba su sauya ba, ya fi kowa haƙƙi a kansu. Sauran a raba, kowa gwargwadon bashinsa. Wanda aka tabbatar ba shi da komai ba a ɗaure shi, domin aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarnin a saurara wa mai ƙunci har ya samu sauƙi. Da manomin Tono ya san buhunansa da ke jibge a shagon nan yana da wannan haƙƙi a kansu, da bai tsaya kallo motar Kumasi na loda su ba.

Ba ina cewa zamanin da aljanna ba ne. A kasuwar Salaga ɗin nan an sayar da mutane, a ƙasashen nan an jinginar da 'ya'ya saboda bashi, kuma sulhun zaure ya sha karkata wajen attajiri. Mace da mutumin ƙauye sau da yawa ba sa cikin zauren ma. Tsarin ya yi aiki ne saboda kowa ya san kowa kuma babu wurin gudu. Yau mutum zai sauya lambar waya ya hau mota zuwa Kasoa. Abin ɗauka a ciki shi ne an taɓa samun hanya mai arha, kusa da kasuwa, da ake tara masu bi gaba ɗaya a raba musu da lissafi. Maƙwabtanmu ma sun gane haka. Ƙetare Paga kaɗan ka shiga Pô ta Burkina, kana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA da Burkina da Nijar da Togo ke aiki da ita, wadda aka yi wa gyara a 2015 aka ƙara mata hanyar sulhu da sauƙaƙaƙƙen tsari na ƙananan 'yan kasuwa. Ko yaya aikinta yake a aikace, aƙalla masu rubuta ta sun tuna akwai mai ƙaramin shago.

Rabin abin da ake buƙata yana cikin littafin dokokin Ghana tuni. Dokar sasanta rikici a wajen kotu, mai lamba 798 ta 2010, ta amince da sulhun gargajiya, kuma hukuncin da aka yanke a can ana iya yi masa rajista a kotu ya zama abin zartarwa. Ke nan zaman da Sarkin Zango ko liman ko magajiyar kasuwa ke yi kan bashi yana iya samun ƙarfin doka. Matsalarsa ita ce ba ya ɗaure kowa sai wanda ya yarda ya zauna. Mutum tara su haƙura, na goma ya turo mota da dare, shi ke nan an tashi a banza. Abin da ya rage wa majalisa ƙarami ne: a ba alƙalin kotun gunduma ikon dakatar da duk masu bin ƙaramin ɗan kasuwa na ɗan wa'adi, a ce wata biyu ko uku, da zarar shi ko ɗaya daga cikinsu ya cika fom mai shafi ɗaya, a cikin wa'adin a zauna gaban mai sulhun da suka amince da shi, abin da mafi rinjaye suka yarda da shi ya hau kan sauran. Mai jingina ya riƙe jinginarsa, amma ya jira tare da kowa. Kuma duk ɗan kasuwar da ya nuna takardar cewa gwamnati ce ta riƙe masa kuɗi, wa'adinsa ya tafi tare da nata.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya: wannan ai ƙofa ce aka buɗe wa masu taurin bashi. Kowane zango yana da nasa, mutumin da zai rantse maka ba shi da ko na goro, jibi ka gan shi yana zuba dakali a sabon fili da sunan matarsa. Amma a yanzu ma irinsa ne ke cin riba, domin babu wanda ke da ikon buɗe littafinsa. A tsarin da nake magana, sharaɗin saurarawa shi ne bayyana komai bisa rantsuwa, har da shige da ficen kuɗin waya, wanda ba ya ɓoyuwa. Abin da aka mayar sunan ƙane ko mata ana gab da faɗuwa a dawo da shi cikin rabo. Wanda aka kama ya ɓoye, wannan kam aikin ɗan sanda ya samu. Inda za a yi jayayya ta gaske shi ne yafe ragowar bashi. Dokar zamani tana wanke mutum bayan wani lokaci, fiƙihu kuwa yana barin bashin a wuyansa har ya samu ko masu shi su yafe. Ni a nan ina tare da barin yafiya a hannun masu haƙƙi, su yanke ta a zaman, a rubuta. Manomi ne ya san ko zai iya haƙura da rabi ya ci gaba da samun mai sayen shinkafarsa baɗi.

Mu ma akwai namu. Babu tsarin da zai yi wa mutum aiki in ba zai iya nuna nawa yake bi ba, kuma mu mutane ne masu jin kunyar takarda. Ka ce a rubuta, a ce maka, "Haba Alhaji, ni da kai har ta kai ga haka?" Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Littafin makaranta mai layi a hannun magajiya, da kwanan wata da adadin buhu da dangwalen yatsa biyu, ya isa. Saƙon waya da aka ajiye ya isa. Masu adashen ƙauye da ke kulle akwati da kwaɗo uku sun riga manyan 'yan kasuwa fahimtar wannan.

A 2025 sidi ya farfaɗo, hauhawar farashi ta sauka, amma faɗuwar farashin hatsi ta kama waɗanda suka saya da tsada suka ajiye, don haka masu karyewa ba su ƙare ba. 'Yan majalisar Navrongo da Bawku da Yendi da Salaga, ko wace jam'iyya kuke, yawancin waɗanda suka zaɓe ku ba su da kamfani kuma ba su da lauya. Ku kai gyaran doka ta 708 gaban majalisa, ku sauko da ita kotun gunduma, ku nemi a ɗaga sidi 1,250 ɗin nan na masu ajiya a bankin karkara, ku kuma tambayi ministan kuɗi a bainar jama'a nawa masu kai abinci na arewa ke bin gwamnati da ranar da za a biya su.